Jamus da Ragowar 'Yan Nazi: Abin da Ke Biyo Bayan Haramci

Ba kowa ya san cewa an taɓa haramta jam'iyyar Hitler tun kusan shekara goma kafin ta kafa gwamnati ba. A watan Nuwamban 1923 ne Adolf Hitler ya taso da magoya bayansa daga wani gidan giya a birnin Munich da niyyar juyin mulki. 'Yan sanda suka tare su a hanya, aka yi harbi, taron ya watse. Gwamnati ta haramta jam'iyyar a faɗin ƙasa, aka rufe jaridarta, kotu ta yanke wa Hitler shekara biyar. Yana tsare a gidan yarin Landsberg mutanensa suka sake suna, suka haɗa kai da wasu masu irin aƙidarsu, suka shiga zaɓen Mayun 1924, suka ci kujeru 32 a majalisar ƙasa. Kafin shekarar ta fita an sallame shi. A Fabrairun 1925 aka janye haramcin a jihar Bavariya, ya sake kafa jam'iyyarsa da sunanta na da, kamar ba a yi komai ba.

An sake gwadawa a Afrilun 1932, lokacin da gwamnatin Heinrich Brüning ta haramta dakarun jam'iyyar, wato SA da SS, waɗanda yawansu ya riga ya ninka na sojojin ƙasar. Wata biyu kacal dokar ta yi. Gwamnatin ta faɗi, Franz von Papen da ya karɓa ya soke haramcin a watan Yuni don neman shiri da Hitler. A ƙarshen Yuli 'yan Nazi suka samu sama da kashi 37 cikin ɗari na ƙuri'u. Ran 30 ga Janairun 1933 Hitler ya zama shugaban gwamnati, kuma zuwa tsakiyar Yulin shekarar babu jam'iyyar da doka ta sani a Jamus sai tasa.

Waɗanda suka zauna a Bonn suka rubuta kundin tsarin mulkin Jamus ta Yamma na 1949 sun ga duk wannan da idonsu, wasunsu ma sun ɗanɗana kurkuku ko gudun hijira. Tsoro biyu ne ya sa su gaba. Na farko, kada a sake barin mai neman rusa dimokuraɗiyya ya shigo ta ƙofar zaɓe. Na biyu, kada a miƙa wa mai mulki wuƙar da zai riƙa yanka abokan hamayyarsa da ita. Sai suka raba abin gida biyu. Ƙungiya, in manufarta ta saɓa wa tsarin mulki ko dokokin laifi, ministan cikin gida na tarayya ko na jiha yana iya haramta ta da sa hannunsa, in ya so ta je kotu daga baya. Jam'iyyar siyasa kuwa, ba mai taɓa ta sai Kotun Tsarin Mulki ta Tarayya da ke Karlsruhe. Gwamnati ko ɗaya daga cikin majalisun tarayya biyu ne kaɗai za su iya kai ƙara, kuma sai kashi biyu bisa uku na alƙalan sashen da ke shari'ar sun yarda. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin kusan duk wasan ɓuyan da aka yi shekara saba'in da wani abu a tsakanin waɗannan ƙofofi biyu aka yi shi.

Gwajin farko bai daɗe ba ya zo. A Oktoban 1949, jamhuriyar ba ta ko cika wata shida ba, wasu tsofaffin 'yan Nazi suka kafa jam'iyyar SRP. Fitaccen mai hawa mumbarinta shi ne Otto Ernst Remer, hafsan da ke riƙe da bataliyar tsaron Berlin ranar 20 ga Yulin 1944, ranar da wasu hafsoshi suka dasa wa Hitler bom. Shi ne ya yi magana da Hitler ta wayar tarho, ya tabbatar yana raye, ya juya ya taimaka aka murƙushe masu juyin. Da wannan yake tinƙaho a gaban jama'a. Jam'iyyar ba ta wani ɓoye kamanninta ba, kuma ta samu kasuwa a arewacin ƙasar inda 'yan gudun hijira daga gabas da marasa aikin yi suka yi yawa: kashi 11 cikin ɗari da kujeru 16 a jihar Niedersachsen a Mayun 1951, sannan kusan kashi 8 a Bremen. Har a majalisar Bundestag tana da masu magana da yawunta. Ɗaya daga cikinsu, mai amsa sunan Franz Richter, ashe ba sunansa ke nan ba. Tsohon jami'in jam'iyyar Nazi ne, Fritz Rössler, wanda ya ba da shaidar cewa Rössler ya mutu, ya sake auren matarsa da sabon suna. A 1952 asirinsa ya tonu, aka kama shi.

Gwamnatin Konrad Adenauer ta kai ƙara a Nuwamban 1951. Da shugabannin SRP suka ga inda aka dosa, sai suka yi shelar cewa sun rusa jam'iyyar da kansu, don su tsira da kadarori da kujeru. Kotu ba ta kula su ba. Ran 23 ga Oktoban 1952 ta haramta jam'iyyar, ta ƙwace dukiyarta, ta hana kafa wata a madadinta, ta kuma ce kujerun 'yan majalisarta sun faɗi. Remer ya tsere zuwa Masar. Daga baya ya dawo ya ci gaba da musun kisan ƙare-dangin da aka yi wa Yahudawa, har aka yanke masa ɗauri yana tsoho, ya gudu Sifen, can ya mutu a 1997.

Wannan shi ne haramcin da ake yawan kafa hujja da shi cewa abin yana aiki, kuma ban musa ba, ya yi aiki. Sai dai ba takardar kotu kaɗai ta yi aikin ba. A daidai lokacin tattalin arzikin Jamus ta Yamma ya fara bunƙasa, masana'antu suna neman hannu. An kafa dokar tallafa wa waɗanda suka rasa gidaje da gonaki a gabas. Wata doka ta 1951 ta buɗe wa dubban tsofaffin ma'aikatan zamanin Nazi hanyar komawa bakin aiki ko karɓar fansho. A ofishin Adenauer kansa akwai Hans Globke, wanda ya taɓa rubuta sharhi a kan dokokin wariyar jinsi na Nürnberg. A taƙaice, manyan jam'iyyu sun haɗiye masu ƙuri'ar SRP, wasu da kyakkyawar hanya, wasu ta hanyar kawar da kai daga abin da suka aikata. Mutumin da ya samu aiki da gida da fansho ba ya da lokacin zuwa sauraron Remer. Waɗanda suka ƙi haɗiyuwa kuwa, sun sauya sheƙa zuwa wata ƙaramar jam'iyya, DRP. Matasansu ma ba su yi wata biyu a watse ba: a Disamban 1952 aka kafa Wiking-Jugend, ƙungiyar da ke kai yara sansani tana tarbiyyantar da su irin ta matasan Hitler, kuma sai da ta shekara 42 kafin a haramta ta.

Wuƙar kuma ba gefe guda ta yanka ba. A watan da aka kai ƙarar SRP aka kai ta jam'iyyar kwaminis, KPD, aka haramta ta a Agustan 1956. Dubban mutane suka sha bincike da ɗauri, cikinsu har da waɗanda 'yan Nazi suka taɓa ɗaurewa. A 1968 kwaminisancin ya dawo da sabon suna, DKP, gwamnati ta bar shi. Tun daga nan Karlsruhe ba ta sake haramta wata jam'iyya ba. Mu nan Najeriya ma mun ga irin wannan dawowa, ko da yake dalilin ya bambanta: sojoji sun rusa NPC da NEPU a 1966, da aka buɗe fagen siyasa a 1978 sai ga fuskokin da aka sani a NPN da PRP.

DRP ce ta zama ginshiƙin NPD da aka kafa a Hannover a Nuwamban 1964. Ta koyi darasi, tana sa kwat da laƙtaye, tana rantsuwa cewa ita mai bin tsarin mulki ce. Cikin shekaru kaɗan ta shiga majalisun jihohi bakwai, har ta samu kusan kashi 10 a Baden-Württemberg a 1968. A zaɓen tarayya na 1969 ta tsaya a kashi 4.3, ba ta kai kashi 5 da doka ta gindaya ba, daga nan ta fara zubewa. Babu alƙalin da ya taɓa ta, masu zaɓe ne suka yi maganinta. Amma matasanta masu zafin kai sun ɗauki wani darasin daban, cewa akwatin zaɓe ɓata lokaci ne.

Cikin irin wannan yanayi wani mai zanen allunan talla, Karl-Heinz Hoffmann, ya kafa ƙungiyarsa a 1973 a yankin Nürnberg. Wai wasan motsa jiki na kare kai suke yi. A zahiri ɗaruruwan samari ne sanye da kaki, da tsofaffin motocin soja, suna atisaye a dazuzzukan Bavariya ƙarshen mako, 'yan jarida suna zuwa ɗaukar hoto. Hukumomin jihar sun daɗe suna ɗaukar su tamkar 'yan wasan kwaikwayo. Ministan cikin gida na tarayya, Gerhart Baum, ya haramta ƙungiyar ran 30 ga Janairun 1980, aka kwashi makamai da kayan soja mota-mota. Ko bayan haka Franz Josef Strauss, shugaban gwamnatin Bavariya, ya ci gaba da raina lamarin. Wata takwas bayan haramcin, ran 26 ga Satumba, bom ya tashi a ƙofar shiga bikin Oktoberfest a Munich. Mutum 13 suka mutu har da wanda ya dasa shi, Gundolf Köhler, ɗalibin da ya taɓa yin atisaye da mutanen Hoffmann. Sama da 200 suka jikkata. A Disamba wani na hannun daman Hoffmann ya je gidan wani Bayahude mai buga littattafai a Erlangen ya harbe shi tare da abokiyar zamansa. Shi Hoffmann ya kwashi wasu yaransa ya koma da su Labanon. Masu bincike a wancan lokaci suka ce Köhler shi kaɗai ne, damuwar rayuwa ce ta ingiza shi. Sai a 2020, bayan shekara 40, babban mai gabatar da ƙara na tarayya ya amsa cewa harin na masu aƙidar Nazi ne.

Ba ina cewa haramcin ne ya jawo bom ɗin ba. Abin da nake cewa, an ƙwace kaki da motoci, an rubuta rahoto cewa ƙungiya ta mutu, amma ba a bi sawun samarin da suka koyi haɗa bom a cikinta ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba, kuma wannan sakaci ya maimaitu fiye da sau ɗaya.

A Disamban 1983 aka haramta ƙungiyar Michael Kühnen, tsohon hafsan sojan da ke kiran a dawo da jam'iyyar Nazi ƙiri-ƙiri. Mabiyansa suka dubi doka da kyau, suka ga wata 'yar jam'iyya da ba a san da ita ba mai suna FAP, suka kwarara cikinta suka mamaye ta. Yanzu sun zama 'yan jam'iyya, minista ba shi da iko a kansu. Sai da aka shekara sha ɗaya kafin Karlsruhe ta ce FAP ba ta cika sharuɗɗan jam'iyya ba, ƙungiya ce kawai, sannan aka haramta ta a 1995.

Kafin nan ƙasar ta riga ta sauya. Mu da muka taso muna kama Sashen Hausa na Muryar Jamus a rediyo mun ji murnar faɗuwar katangar Berlin, ba da jimawa ba kuma muka fara jin sunayen garuruwan da ba mu taɓa sani ba. A Eberswalde aka yi wa wani ma'aikaci ɗan Angola dukan da ya yi ajalinsa a ƙarshen 1990. A Saarlouis, Satumban 1991, wani ɗan Ghana mai neman mafaka ya ƙone a gidan da aka cinna wa wuta, kuma sai a 2023 aka hukunta wanda ya cinna. A Rostock, Agustan 1992, aka kwana da kwanaki ana jifan gidan 'yan Biyetnam da bama-baman fetur, maƙwabta suna tafi. A Mölln mutum uku 'yan asalin Turkiyya suka mutu a gobarar ganganci a Nuwamban 1992, a Solingen mutum biyar a Mayun 1993. Kwana huɗu bayan Mölln gwamnati ta haramta ƙungiyar 'yan Nazi ta Nationalistische Front, wasu biyu suka biyo baya kafin shekarar ta ƙare, sannan Wiking-Jugend a 1994. Jihohi ma suka yi ta nasu.

A nan ne wasu jagororin 'yan Nazi na Hamburg, musamman Christian Worch da Thomas Wulff, suka fito da dabarar da ta fi kowace wahalar da hukuma. Tunda suna da rajista da asusu ne ake kamawa, to a daina su. Kowane gari samari goma ko ashirin su riƙa haɗuwa a matsayin abokai, ba shugaba a takarda, ba katin zama ɗan ƙungiya, ba ma'aji. In an tashi zanga-zanga ko casun mawaƙansu, a kira juna ta waya. Duk wanda ya ga yadda ake yi in hukuma ta rufe tashar mota ya san sauran labarin: lodi ba ya tsayawa, komawa yake yi bakin titi, sai dai yanzu ba mai rubuta lambar mota, ba wanda ya san wa ya ɗauki wa. Hatta alamomin da doka ta hana sun samu mafita a lissafi. Lamba 18 tana nufin harafi na ɗaya da na takwas, wato farkon sunan Adolf Hitler. 88 gaisuwarsu ce. Da aka haramta ƙungiyar mawaƙa ta Blood and Honour a Satumban 2000 sai riguna masu lamba 28 suka bayyana.

Hukumar leƙen asiri ta cikin gida, wadda Jamusawa ke kira hukumar kare tsarin mulki, ta mayar da martani da abin da ta iya: sayen 'yan rahoto. Ba jami'anta take turawa ba. Ɗan Nazi na gaske take nema a cikinsu, ta riƙa ba shi kuɗi yana kawo labari. A jihar Thüringen, jagoran gungun samarin da ake kira Thüringer Heimatschutz, Tino Brandt, ɗan rahoto ne na shekaru, ya karɓi kimanin mark 200,000, kuma da bakinsa ya ce ya zuba da yawa daga ciki a harkar gungun. Wato da kuɗin harajin jama'a aka yi kiwon abin da ake cewa ana sa wa ido.

Daga cikin wannan gungu mutum uku 'yan garin Jena suka fito: Uwe Mundlos, Uwe Böhnhardt da Beate Zschäpe. Ran 26 ga Janairun 1998 'yan sanda suka je binciken wasu garejoji da ake zargin suna amfani da su. Böhnhardt yana wurin lokacin da aka fara da na kusa da gidansu. Ba a zo da takardar kama shi ba, ya shiga motarsa ya tafi. A wani garejin aka tarar da bama-baman bututu da sama da kilo guda na TNT. Kafin a fitar da sammaci su ukun sun ɓace. Ba wata uwa duniya suka je ba, Chemnitz ce, sannan Zwickau, a jihar da ke maƙwabtaka, inda 'yan Blood and Honour da ire-irensu suka sama musu ɗaki da takardu. Tsakanin 2000 da 2007 suka kashe mutum goma: takwas 'yan asalin Turkiyya, ɗaya Bagirke, da 'yar sanda guda. Na farko mai sayar da furanni ne a bakin titi a Nürnberg. Sauran akwai tela, da mai kayan miya, da mai gyaran makulli, da saurayi mai shagon intanet a Kassel, wanda aka harbe a daidai lokacin da wani jami'in hukumar leƙen asirin jihar yake shagon ko bai daɗe da fita ba. Da bindiga ɗaya aka kashe tara daga cikinsu. A 2004 suka jingina keke ɗauke da bom mai cike da ƙusoshi a ƙofar wani shagon aski a unguwar Turkawa a Kolon.

Duk tsawon shekarun nan 'yan sanda wajen iyalan mamatan suka karkata. Suna neman cinikin ƙwaya, bashin caca, rikicin dangi. Matar mai furannin nan har hoton wata mata aka nuna mata aka ce farkar mijinta ce, don a ga ko za ta faɗi wani abu. Ba a gano gaskiya ba sai ran 4 ga Nuwamban 2011, shi ma don fashin banki ya ɓaci wa mazan biyu a Eisenach, aka tsinci gawarsu a motar da suke kwana. Kwanaki kaɗan bayan haka aka markaɗe wasu fayilolin 'yan rahoto a hedikwatar hukumar leƙen asirin, abin da ya ci kujerar shugabanta a 2012. An yanke wa Zschäpe ɗaurin rai da rai a 2018. Ita wannan ƙungiya, NSU, ba ministan da ya taɓa haramta ta, domin babu wanda ya yarda tana nan.

'Yan rahoton nan su ne kuma suka kayar da gwamnati a Karlsruhe. A 2001 gwamnatin Gerhard Schröder da majalisun biyu suka haɗu suka nemi a haramta NPD, wadda a lokacin ta buɗe ƙofa ga samarin ƙungiyoyin da aka rusa. Ana gab da fara zama sai ta fito cewa ɗaya daga cikin jagororin da aka kafa hujja da rubuce-rubucensa na ƙin Yahudawa ya shafe sama da shekara talatin yana karɓar kuɗin hukumar leƙen asiri. Da aka tona, sai aka ga kusan ɗaya cikin bakwai na shugabannin jam'iyyar a tarayya da jihohi haka suke. Alƙalai uku suka ce ba za su iya bambance maganar jam'iyya da maganar gwamnati ba, kuma ukun sun isa. Ran 18 ga Maris 2003 aka rufe shari'ar ba tare da an ko duba zargin ba. A shekarar da ta biyo baya NPD ta ci kashi 9.2 a jihar Sachsen.

Bayan tonuwar NSU majalisar jihohi ta sake kai ƙara a 2013, wannan karon bayan an janye 'yan rahoto daga shugabancin jam'iyyar. Ranar hukunci, 17 ga Janairun 2017, shugaban kotun Andreas Vosskuhle ya fara da karanta abin da masu ƙara suka nema, wasu manyan kafofin labarai suka yi azarɓaɓi suka watsa cewa an haramta NPD. Mintuna kaɗan suka janye. Abin da kotun ta ce shi ne, jam'iyyar lalle tana neman rusa tsarin mulki, aƙidarta 'yar'uwar ta Nazi ce, amma ta yi ƙanƙantar da ba alamar za ta iya cimma burinta, don haka ba za a haramta ta ba. Sai aka gyara tsarin mulki a shekarar, aka samar da hukunci na tsaka-tsaki, kuma a Janairun 2024 kotun ta yanke wa jam'iyyar, wadda ta koma Die Heimat, tallafin kuɗin gwamnati na shekara shida.

A tsakanin nan laimar jam'iyya ta ci gaba da ba da inuwa. Da aka haramta gungun 'yan Nazin Dortmund a Agustan 2012, sai suka wayi gari a jam'iyyar Die Rechte da Worch ya kafa watanni kaɗan kafin nan. A Bavariya an daɗe ana sanarwar za a haramta ƙungiyar Freies Netz Süd, kafin a sa hannu a Yulin 2014 mutanenta sun riga sun tare a sabuwar jam'iyya, Der Dritte Weg. Haka aka yi da ƙungiyar 'yan Nazi ta Combat 18. Bayan wani sanannen ɗan Nazi ya harbe Walter Lübcke, babban jami'in yankin Kassel, a farfajiyar gidansa a Yunin 2019, saboda ya kare karɓar 'yan gudun hijira, minista Horst Seehofer ya fito ya ce ana duba yiwuwar haramta ƙungiyar. Samamen bai zo ba sai da asubar 23 ga Janairun 2020, 'yan sanda kimanin 200 a jihohi shida. Wata shida da ɗoriya sun ishi kowa ya share ɗakinsa. Wata guda bayan samamen, wani mutum da ba ya cikin kowace ƙungiya ya harbe mutum tara 'yan asalin ƙasashen waje a Hanau.

Duk da wannan, ba na tare da masu cewa haramci aikin banza ne. Ƙungiyar da ta gaji Wiking-Jugend wajen kai yara sansani, HDJ, an rusa ta a 2009, kuma yaron da ba a kai shi tanti an koya masa cewa jininsa ya fi na wasu tsarki ba, ya tsira da wani abu. Gida da asusu da injin buga takardu in an ƙwace su, sai an sha wuya kafin a mayar. Na gefe-gefe, masu aiki da iyali, da yawa suna ja da baya in 'yan sanda suka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfe shida na safe maƙwabta suna kallo. Kuma daga ranar, duk wanda ya ci gaba da tafiyar da ƙungiyar ko ya ɗaga tutarta ya aikata laifin da za a iya kai shi kotu. Riba ce ta gaske. Sai dai 'yan tsakiya, waɗanda su ne abin tsoro, samame ba ya sauya musu zuciya, kuma su ne aikin yake komawa kansu washegari, lokacin da 'yan jarida suka naɗe kyamarori. Ministoci kuwa sun fi son ranar samamen da shekarun bin sawu, don ita ake nunawa a talabijin. Wani lokacin ma garaje suke yi: ministar cikin gida ta lokacin, Nancy Faeser, ta haramta kamfanin mujallar Compact a Yulin 2024, kotun gudanarwa ta tarayya da ke Leipzig ta dakatar da umarnin bayan wata guda, ta soke shi gaba ɗaya a Yunin 2025, mujallar ta fito da shaharar da ba ta da ita a da.

Yanzu muhawarar ta koma kan AfD, wadda aka kafa a 2013 don adawa da kuɗin Yuro, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar ƙyamar baƙi da Musulmi. Ta zo ta ɗaya a Thüringen a 2024 da kusan kashi 33, ta samu kashi 20.8 a zaɓen tarayya na Fabrairun 2025. A watan Mayun shekarar hukumar leƙen asiri ta ayyana ta a matsayin mai tsattsauran ra'ayi tabbatacciya, jam'iyyar ta garzaya kotu, hukumar ta jingine ayyanawar har a yi hukunci. Ma'aunin 2017 ya ce ba a haramta ƙaramar jam'iyya don ba ta da ƙarfi. To ga mai ƙarfi ta zo, sai kuma ake tambayar yadda za a yi da mutum sama da miliyan goma da suka zaɓe ta. 'Yan majalisa fiye da ɗari sun gabatar da ƙudurin a kai ƙara, wa'adin majalisar ya ƙare ba a kaɗa ƙuri'a a kansa ba. Jam'iyyar SPD ta amince a babban taronta na Yunin 2025 cewa a fara tattara hujjoji, shi kuwa shugaban gwamnati Friedrich Merz ya nuna bai gamsu ba. In har aka je Karlsruhe aka yi nasara, dokar zaɓe ta ce kujerun jam'iyyar da aka haramta faɗuwa suke yi, kuma a zaɓen 2025 AfD ta samu 152 daga cikin kujeru 630 na Bundestag.